Kukan Rana Ta Huɗu

A Zuru na haifi ɗana na fari, mijina soja yana can bakin daga. Uwar mijina ce ta taso daga Dabai ta zo zaman jego. Tsohuwa ce da ta goyi 'ya'ya tara, Hausarta a gutsure, rabi yarensu na C'lela. Ni kuwa 'yar boko ce mai taurin kai, duk abin da ta faɗa sai in ce a raina na ƙauye ne.

In yaron ya yi kuka tana tsinke rama a tsakar gida, ko waiwayowa ba ta yi, za ta ce, "Yunwa ce, ba shi nono." Kukan yunwa, in ji ta, a hankali yake tasowa, yana hutawa yana ɗorawa. Na ciwon ciki fashewa yake yi lokaci guda, ƙafafu a naɗe. Na barci kuwa mita ce kawai. Haushi take ba ni, don kullum sai ta canka.

Rana ta huɗu da hantsi ya yi wani kuka siriri mai tsini, kamar na 'yar kyanwa. Tsohuwa ta yar da ramar. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta buɗe idonsa ta duba.

"'Yata, ɗauko zane, mu tafi asibiti."

Na ce, "Mama, a gidanmu jariri ba ya ƙetare ƙofa kafin suna."

"Ban san al'adar gidanku ba. Kukan nan na sani. Sau ɗaya na taɓa jin sa, yaron bai kai suna ba."

Raina ya ɓaci. Na karɓe ɗana, na ce ta daina yi masa mugun baki. Kwana biyu na riƙe shi a ɗaki ina ɗura masa ruwan ɗumi. Ya ƙi nono, ya fara banƙarewa. A rana ta shida ba ta nemi izinina ba, ta goya shi ta tare mai babur, na bi su a guje.

Ciwon shawara ne. Da nas ta tambayi yaushe kukan ya canja, na ce jiya. Tsohuwa ta dube ni. Har ta rasu ba ta gaya wa ɗanta ba.

Ya rayu, amma ciwon ya tafi da jinsa. Shekarunsa bakwai yanzu. Ko daga bayan gida na ji kukansa na san na mene ne, kuma nakan rungume shi in yi ta ce masa ya yafe mini. Bakina kawai yake kallo.