Kujerun da Aka So a Yi Itacen Girki da Su

Shekarun baya, lokacin da babban ɗana ya tashi gyaran gidanmu na Nassarawa, ya shigo ɗakina da safe ya tsaya yana kallon kayana kamar mai kallon bola. Kujeru uku ne na madaci, masu siraran ƙafafu a karkace da hannun katako, sai kabad mai gilashi cike da kwalla da langa da tasoshi. Marigayi maigidana ya sa wani kafinta a Argungu ya yi mini su shekarar da na tare. Ranar da aka shigo da su sai da matan unguwa suka yi layi.

"Inna, a fitar da wanga kaya," in ji shi. "Na sayo miki kushin. Waɗanga gara ta cinye su, sai dai murhu."

Na ce, "Mi kac ce? Juya guda ka gani."

Ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce. Ko huda ɗaya babu. Ina gara za ta hau? Tun ina amarya kowace ƙafa cikin gwangwanin madara take zaune, da toka a ciki, kamar yadda mahaifiyata ta koya mini. Duk da haka aka shigo da kushin ɗin, ƙatti, in na zauna sai an kamo hannuna na tashi. Nawa kuwa na sa aka kai ɗakin ajiya, na kulle, na ɗaura makullin a bakin zane. 'Ya'yana suka riƙa ce mini mai gidan tarihi. Na ƙyale su.

Ana nan sai auren jikata ya taso, ɗiyar shi wannan ɗan nawa, wadda ta yi karatun zanen gidaje. Wata rana ta faɗo ɗakina rai a ɓace. Wai akwai irin kujerun da take so, na zamanin da, yanzu su ake yayi. Kafinta biyu ta kai wa hoton da ke cikin wayarta, duk suka yi mata ƙafafu kamar taɓarya.

Na ce, "Miƙo in gani, ƙawata."

Ni ban san baƙi ba, amma na san kujera. Ina duba wayar na fashe da dariya har da tari. Na kwance makulli na ja ta ɗakin ajiya. Yarinyar nan ta durƙusa cikin ƙura tana shafa hannun kujera, tana cewa, "Kaka, ashe dukiya kika ɓoye mana!"

To, nan rigima ta tashi, don cewa ta yi da su za a yi mata jere. Gwaggonninta suka ce ba da su ba. Dangin ango mutanen Gulma ne, masu ido. A kai amarya da tsofaffin kaya? Sai a ce ubanta ya kasa, kuma abin gori ne da zai bi ta har ta yi jikoki. Maganarsu ba banza ba ce, na san yadda ganin ɗaki yake, mace guda ta taɓe baki an gama. Ni kaina sai da na ji tsoro, kada son kayana ya ja wa yarinya kunya a gidan miji. Na tambaye ta sau uku, ta ce ta ji ta gani. Na ce to, jeren nawa ne, kada wadda ta sa mini hannu.

Kwana huɗu ina aiki. Katakon na goge da man kaɗe da tsumma har ya koma ja yana ɗaukar ido. Tasoshi na dirje da tsamiya da toka. Ita kuma ta sa aka ɗinka sabbin matasai masu ruwan ganye. Ranar jere muka yi faɗa biyu. Ta ce kwano uku kacal za a sa a kabad, wai ido ya huta. Na ce uku? Mutuwa aka yi? Na jera abina yadda ake yi, babba a ƙasa, a kife murfi, a ɗora mai bi masa, har sama, furen kowanne na kallon ƙofa. Nan na ci. Na biyun ita ta ci, don ni da gwangwanayena na taho cikin leda, zan sa wa ƙafafu. Ta riƙe ciki tana dariya: "Kaka, bisa tayil? Ita garar, jirgi za ta hawo?" Na mayar da su cikin ledata.

Can dangin ango suka shigo ganin ɗaki. Gwaggonnin nan duk sun sunkuyar da kai. Sai yayar uwar ango, wata dattijuwa mai sanda wadda kowa ke jira ta yi magana, ta taka har gaban kabad. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta bi jeren daga ƙasa zuwa sama.

"Wa yay yi wanga jere?"

Na ce, "Ni ce."

"Awo. Hannun ɗiyan yau bai iya shi." Ta zauna bisa kujerar, ta dafa hannun katakon, ta miƙe da kanta ba mai taimako, ta sake zama. "Rabona da ganin ɗaki irin wanga tun na innata." Sai ta rangaɗa guɗa da tsohuwar muryarta, sauran suka ɗauka. Gwaggon da ta fi kowa faɗa, ita na ji tana gaya wa baƙi wai dama shawararta ce.

Har yau in na je gidan, kan kujerata nake zama, kuma in na tuna saura kaɗan ta dafa tuwo sai in ƙara gyara zama. Ban yi boko ba, amma abin da na riƙe da kyau bai taɓa ba ni kunya ba.

Kushin ɗin ɗana kuwa, damina uku ya yi fatar ta fara salewa. Ran nan ya zo yana sosa ƙeya, wai ko akwai sauran irin kujerun nan a ɗakin ajiya, yana so ya sa a falonsa.

Na ce, "Ayya, ɗan nan. Gara ta cinye."