Gwangwanin Ɗanladi Mai Gyaɗa

Duk ranar da na durƙusa ina goge tayoyin motar kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, a nan Doha, sai muryar Iya ta faɗo mini. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Lokacin sanyi takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida bayan isha'i, mu zagaye ta muna gasa hannu, ita tana ɓarar gyaɗa a faifai. Sauran tsofaffi labarin kura da dila suke bayarwa. Iya ba ruwanta da dabbobi. In muka matsa mata sai ta ce, "To ga ta nan, ku karɓa, amma tawa ba ta ƙarya ba ce."

Wai a wani zamani motoci biyu ne kaf a garinmu. Ɗaya ta wani attajiri ce, baƙa wul, an yi mata rumfa, ana lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ɗayar ta Ɗanladi mai sayen gyaɗa ce, wata 'yar araha da ya saya kwance. Sai an zura ƙarfe ta gaba an murɗa kafin ta tashi, ta yi ta tari tana karkarwa. Gwangwani yara ke ce mata. Amma ita ke kai buhuna kasuwa, ita ke ɗaukar akuya da mai naƙuda, in an yi rasuwa a wani ƙauye ita ke kai 'yan gaisuwa.

Ran nan kububuwa ta sari ɗan wata mata a gona. Ta goyo shi a guje, jini na zuba ta hancinsa, ta zube a ƙofar attajiri. Ya leƙo ya dubi jinin, ya dubi kujerun motarsa, ya ce direba ba ya nan, Allah ya sawwaƙe.

A nan Iya takan ajiye faifai. "Wai Allah ya sawwaƙe. Ni ya gaya wa haka, ina durƙushe, ga direban nan zaune yana cin goro." Ta manta ma cewa labarin wata mata take ba mu. In ranta ya ɓaci ko wutar ba ta son a taɓa.

Ɗanladi ne ya watsar da buhunansa a bakin hanya, ya murɗa ƙarfen nan har ya goce ya fasa masa hannu, ya kai su asibitin birni. Yaron ya rayu. Ba sai an faɗa mana ko wane ne ba, tabon yana nan a idon sawun Baba. "Ƙurunƙus," in ji Iya. "Ku tashi ku kwanta. Motar da ba ta ɗaukar mara lafiya akwati ce."

A da dariya muke yi wa tarin Gwangwani, muna kwaikwayonsa. Ban san nauyin maganar ba sai bara da rani, a gonar kafil ɗina da ke Umm Salal. Akwai Iddirisu, mutumin Zangon Kumasi, mai ban ruwan dabino. Da azahar, rana kamar za ta narka ƙarfe, ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa zafi rau, ba ko ɗigon gumi. Motoci reras a inuwa, wata ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Na ruga wurin wakilin gona, wanda mukullai ke hannunsa. Ya leƙa ya ga Iddirisu cikin laka da amai, ya ce motocin nan na iyalin kafil ne, a kira motar asibiti, khalas, wato shi ke nan. Motar asibitin kuwa ta ɓata tsakanin gonaki, tana ta waya tana neman kwatance.

Ni direba ne, ga motoci, ga mutum yana mutuwa a gabana, an hana ni mukulli saboda kujera.

Wani Basudane mai kawo ciyawar raƙuma ne ya iso da akori-kurarsa, ƙofarta ɗaure da igiya. Bai tambayi komai ba, ya ture ciyawar ya ce yalla, mu tafi. Na rungume Iddirisu a baya ina zuba masa ruwa har asibiti. Ya rayu, amma ƙodarsa ta lalace, likita ya ce jinkirin ne. Aka sallame shi gida da cuta. Wakilin gona kuwa yana nan, ƙato da shi, yana kaɗa mukullai.

Watan da ya biyo na je Sana'iyya, unguwar 'yan gareji, na sayi wata tsohuwar mota, sai an tura take tashi da safe. Kafil ya ce tana ɓata masa ƙofar gida, na mayar da ita bayan katanga. Mukullinta yana rataye a ƙusa bakin ɗakinmu, duk ma'aikatan layin sun sani. Wanda ya ɗauka ba na tambayarsa ina za shi, kuma ba na duba kujera in ya dawo.