Alhaji Mai Gwangwani

Asta mai turara shinkafa ba ta gaji komai a gidan ubanta ba sai baki da ƙane. Bakin ya yi mata rana, don a layin matan da ke turara shinkafa bayan injin casa a Kura babu dillalin da ya taɓa murɗe mata awo ya kwana lafiya. Ƙanen kuwa, Datti, shi ne kayan da ta ɗauka babu gammo.

Korar tsuntsaye ce sana'ar Datti tun yana saurayi. Idan shinkafa ta fitar da kai a gonakin bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, tsuntsun jan-baki ya taso kamar hadari, sai masu gona su aika a kira shi. Ya kafa rumfar kara a tsakiyar gona, ya zagaye ta da igiya, ya rarrataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana jan igiya yana kurma ihu, ihun da aka ce har a hanyar Bunkure ana jin sa. A lokacin sunansa gwani. Da ya ci gaba da ihun bayan an gama girbi, sama fayau ko tsuntsu ɗaya babu, sai sunan ya sauya.

Masana suka taru, don garin nan bai taɓa yin fatarar masana ba. Wasu suka ce aljanar kanal ce ta aure shi. Wasu suka ce ƙwaya ce, mutumin da ko goro bai iya ci ba. Aka yi masa hayaƙi har gashin hancinsa ya ƙone, aka yanka baƙaƙen zakaru, masu magani suka ci nama suka yi ƙiba, Datti yana nan yadda yake. Da Asta ta gaji sai ta ja shi birni wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗora shi a kan allura wata-wata. In ya samu allurarsa, ya ci, ya yi salla, ya taya ta baza shinkafa a shanya, sai dai 'yar hirar da yake yi shi kaɗai da tsuntsayensa. In allura ta wuce lokaci, sai ya bi bakin kanal ba takalmi, a kwana ana cigiya, a tsinto shi a wajen Madobi ƙafa duk ƙaya.

To allurar ba ita ce wuya ba. Hanyar ce.

A tafiyarsu ta farko-farko, mota na hawa gadar Tamburawa Datti ya hango wasu tsuntsaye sun tashi daga bakin kogi, ya saki ihunsa. Wani fasinja ya ce wayyo, mahaukaci zai shaƙe mu. Aka tsayar da mota. Maza masu cikakken hankali, mota guda, suka taru suka kare kansu daga mutumin da ke faɗa da tsuntsu, har sai da haƙoransa na gaba suka zube a kan kwalta. Kowa ya koma gida ya ba da labarin yadda Allah ya kuɓutar da shi. Daga ranar, da 'yan kamashon tashar Kura sun hango Asta riƙe da hannun Datti, sai mota ta cika, ko da kuwa direban ma bai shiga ba.

Aka ba ta shawara iri-iri. A sa masa mari. A rufe shi a ɗakin baya yadda gidajen mutunci ke yi da nasu. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wanda ya sake kawo mata zancen mari shi za ta fara gwada wa.

Dabarar a bakin injin casa ta same ta. Tana zaune kan buhunta tana jiran layi, sai ga mai injin, Alhaji Muhammadu Sani, ya fito cikin shadda yana safa da marwa shi kaɗai, yana ɗaga murya, yana nuna iska da yatsa, yana zagin wani da babu shi a wurin. Mutane kuwa sai rusunawa suke yi suna ba shi hanya. Asta ta ƙura masa ido. Ga wata 'yar igiya fara ta fito daga kunnensa ta shige aljihu, wadda yara ke ce wa iyafis. Ta dubi Alhaji, ta tuna Datti, ta auna su a mudu ɗaya, ta ga bambancinsu bai wuce shadda da igiyar kunne ba.

Ranar allura ta ciro babbar rigar marigayi mijinta daga ƙasan akwati, ta kai aka buga mata guga, ta ɗora wa Datti hula zanna, ta toshe masa kunne da iyafis ɗin da ta saya a bakin kasuwa. Waya kam babu ita, kuma Datti ya ce ba inda za shi ba tare da gwangwaninsa ba, wani falalen gwangwanin kifi mai tsakuwa da yake lailayawa in ransa ya tashi. Ta ce abin nema ya samu. Ta ɗaure ƙarshen igiyar a jikin gwangwanin, ta zura a aljihun gaba, ya yi tudu kamar wayar manya.

"Yaya, in sun sauka fa?" in ji Datti.

"In sun sauka ka faɗa wa igiyar nan a hankali, ita za ta kai saƙo. Baki kuma ka riƙa rufe shi, giɓin nan bai dace da hular ba."

A tasha 'yan kamashon da suka saba cewa mota ta cika su suka buɗe masa ƙofa. Ranka ya daɗe, ga gefen taga. Suka shiga bas ɗin Hamma, wani Bafulatani da ya sayar da shanunsa ya sayi mota, kullum yana cewa gara shanun, su ba sa neman canji. Haka suka yi ta zuwa birni suna dawowa, damina da rani, Datti na surutunsa, jama'a na rage murya kada su katse wa Alhaji waya.

Sai shekarar da masu ƙwacen waya suka addabi birni. Kowa ya zama soja. Wannan da wuƙa a ƙugu, wancan da sukundireba a safa, matan aure da reza a bakin zane. Mota ɗaya sai ta tashi da makaman da za a iya cin ƙaramin gari da su, kuma kowa a ciki tsoron na kusa da shi yake ji.

Ranar da abin ya faru, allurar Datti ta riga ta ɗan gota, don Asta ta yi fama da zazzaɓi. Tun a gida ta ga idonsa yana yawo a sama. Ta san in yau ba a yi ba, gobe bakin kanal za ta nemo shi. Ta zaunar da shi a gefen taga, ta zauna a kujerar bayansa inda hannunta zai kai kafaɗarsa. Kusa da shi wani mai sayar da maganin feshi ya zauna, Zaharaddini, irin mutanen da Allah ya hore wa sanin komai ban da yin shiru. Kafin a kai Karfi ya ciro ƙullin garin barkono a leda ya nuna wa mota.

"Kun ga wannan? Duk ɗan da ya zuro hannu, idonsa ya gama aiki. Ni ba na jiran ɗan sanda. Kuma ba ɓarayi kaɗai ba, har mahaukata. Ai kamata ya yi a hana su shiga motar mutane. Ni daga nesa nake gane mahaukaci, ko ta tafiyarsa. Ko ba haka ba, Alhaji?"

Datti yana kallon taga ya ce, "Sun taso ta gabas. A ja igiya. Za su cinye ta tsaye."

Zaharaddini ya juyo ya dubi jama'a. "Kun ji manya. Yana cikin mota yana gudanar da gona. Allah ya kai mu."

"Amin, ɗan nan," in ji Asta daga baya. "Yadda na gan ka, ka kusa."

A Na'ibawa suka faɗa cunkoso, mota ta tsaya cik. Wani hannu ya zuro ta taga, ya cafki farar igiyar ya fizga. Ɓarawon bai san hannun da ya yi shekaru yana jan igiya yana wurga majajjawa ba. Datti ya damƙe wuyan hannun, ya buɗe giɓinsa, ya saki ihun nan na gona, a cikin bas mai rufin kwano. Wata mata ta saki kwandon tumatirinta. Wani malami ya fara kalmar shahada.

Nan ne jarumi Zaharaddini ya tuna da makaminsa. Ya rufe ido, ya yage leda, ya watsa. Ɓarawo yana waje, iska na shigowa ciki, sai ku ƙarasa lissafin da kanku. Barkono ya bi mota kujera-kujera, bai bar direba ba, bai bar jariri ba, mai shi kuwa shi ya samu kaso mafi tsoka. Tari, atishawa, kuka. Datti kaɗai ya tsira, don kansa na wajen taga. Ya dubi matashin da ya riƙe, ya ga yana kakkarwa, sai ya sake shi. Ɓarawo ya bi ta tsakanin motoci ya ɓace.

Kafin ka ce me, an taru. Masu faci, masu lemo, 'yan adaidaita, kowa da abin da hannunsa ya samu. Sun zo dukan ɓarawo, ɓarawo ya tafi, ga gora an riga an ɗaga, kuma gora ba ta son komawa gida haka nan.

"Wa ya sake shi?"

"Alhajin nan ne! Da idona na gani!"

Wani ya tsinci abin da ya faɗo a ƙasa, ya ɗaga. Gwangwanin kifi ne ɗaure da iyafis, tsakuwa na ƙara a ciki.

"Kai, wannan ba Alhaji ba ne! Bakinsu ɗaya! Ku fito da shi!"

Datti kuwa hankalinsa ya tafi. Yana dukan jikin mota yana ihu, hula ta faɗi, idonsa a sama. Asta ta ga abin da ya faru a gadar Tamburawa yana dawowa. Idonta na zubar da ruwan barkono, ta tattake ƙafafun mutane ta isa ƙofa, ta kwance mayafi ta ci ɗamara, ta tokare ƙofar da hannu biyu. Ƙaryar shadda ta ƙare, ta sani.

"Ƙanena ne, ba shi da lafiya, asibiti za mu. Mahaukaci ne, na faɗa, sai a yi yaya? Wanda babu irinsa a danginsu ya matso ya fara da ni. Kai mai gora, na ga kana sunkuyar da kai, naku a ɗakin baya yake ko? Mai hankalin motar ga shi can yana birgima, shi ya makantar da mu. In dukan ne ba ku samu yi ba tun safe, ga shi nan, a jiƙe yake."

Aka ɗan yi dariya a baya, amma na gaba ba su sauke hannu ba. Sai Hamma direba ya zagayo yana wanke fuska da ruwan leda.

"Ku bar min fasinja. Shekara da shekaru nake ɗaukar sa, ko ƙafar wani bai taɓa takawa ba."

Asta ta miƙa hannu ta fizge gwangwanin daga wanda ya tsinta. Ta juya ta kaɗa shi a kunnen Datti a hankali, yadda yake yi in rana ta faɗi.

"Sun tashi, Datti. Duba, sun tashi duka. Shinkafa ta tsira."

Ya daina ihun yana haki. Ya dube ta.

"Yaya, na kama ɗaya na sake shi. Kora aka ce in yi, ba kamu ba."

Cunkoso ya motsa, motocin baya suka dame wurin da ham, jarumai suka tuna sun bar sana'arsu babu mai tsaro. Hamma ya sauke sauran fasinja a Unguwa Uku, har da Zaharaddini da ake ja a hannu kamar makaho. Su kuwa ya wuce da su har ƙofar asibiti, abin da bai taɓa yi ba. A hanya Asta ta ce, "Ashe ka sani, ɗan Fulani?"

"Iya, wane Alhaji ne zai yi shekaru yana hawa motata? Ko ni da nake da ita kunyarta nake ji."

Aka yi wa Datti allurarsa kafin azahar.

Labari ya riga su komawa Kura. Da wata ya zagayo Asta ta nufi tasha tana jiran a ce mata mota ta cika. Sai ta tarar ana rububi. Wai duk motar da Datti ke ciki ɓarawo ba ya zura hannu. 'Yan kamasho na jan rigarsa, wata Hajiya mai babbar waya ta ce ita ba ta tashi sai a motar da yake. Mutumin dai shi ne, surutun shi ne, tsuntsayen ma ba su ragu ba. Jiya abin tsoro, yau maigadi.

Hamma ya buɗe masa gidan gaba. "Iya, ai yanzu sai ki huta da gugar riga, kowa ya san shi."

Asta ta gyara wa Datti zaman hula, ta ƙara danna masa igiyar a kunne, ta zura gwangwanin a aljihu.

"Nan tasha ne aka san shi," in ji ta. "Gadar Tamburawa tana gaba. Ja mu tafi."