Ɗan Biyar a Kafaɗar Goma

Babbar yayarmu ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa ce. Tun ina ƙarama nake ganinta da farar riga da ƙananan kwalabe, tana ƙirga ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Ba ta rubuta sifili a jere. Dubu ɗari biyu, a wajenta, biyu ne sau goma, sai ta ɗora ɗan mitsitsin biyar a kafaɗar goman. Girman ƙwayar cutar ma haka take rubuta shi, da alamar ragi a gaban 'yar lambar. Wai ido yana tsallake sifili in sun yi yawa. Mu kuwa tsiya muke mata, muna kiranta Maƙiyiyar Sifili.

Baba yana da rijiya a tsakar gida wadda ya haƙa da hannunsa, duk layinmu nan ake ɗiba. Ka zagi Baba ya yafe, amma kada ka taɓa rijiyarsa. Da gudawa ta kwantar da jikokinsa biyu, Yaya ta ɗebi ruwan ba ta ce wa kowa komai ba. Ranar da ta dawo da sakamako, Baba ya gyara tabarau ya duba.

"Biyu kacal? A kan ƙwaya biyu za a rufe min rijiya?"

Wallahi ni da tuni na fara ɗaga murya. Ita ko gezau. Ta durƙusa, ta miƙa masa gawayi.

"Baba, rubuta biyu a jikin rijiyar. Ka ga ɗan biyar ɗin nan na sama? Kowane ɗaya a cikin biyar ɗin sifili ne. Sa na farko."

Ya sa, yana harararta.

"Ƙara."

Ya ƙara. Ya sa na uku, ya sa na huɗu. Da ya sa na biyar sai ya ja baya, ya karanta a hankali.

"A duk rijiyar?"

"A rabin kofi, Baba. Irin wanda kake ba su da safe."

Tausayinsa ya kama ni, ita ma idonta ya ciko, amma ba ta rage masa sifili ko ɗaya ba. Abin da ya sa nake ganin girmanta ke nan.

Baba ya shiga ɗaki, ya ciro kwaɗon akwatinsa, ya datse murfin rijiyar da kansa. Ya saka mabuɗin a tafin Yaya, sannan ya ɗauki bokiti ya nufi famfon bakin titi.