Matan Kullen Bakin Teku

Har yau idan ƙarnin teku ya gauraya da warin man zafi a hancina, sai in tsinci kaina a wata safiya ta Disambar 2016, ina shekara goma sha ɗaya, riƙe da hannun kakata Hajiya Babba muna taka yashi mai sanyi. Rana ba ta daɗe da fitowa ba. Abbana yana cikin mota da kofin shayin karak, yana amsa wayar 'yan kasuwar Kano masu cigiyar kayansu. Ruwa ya janye daga gindin duwatsun da aka jera don tare igiya. Na tsuguna zan wanke silifas ɗin Hajiya, sai na hango wani abu manne da dutse a ƙarƙashin ruwa, kamar ƙaramin maficin kaba, bakinsa a buɗe. Ina sunkuyawa ya rufe.

Aikin ido ne ya kawo Hajiya Dubai. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai suganta ya sauka, ya hana ta zaƙi, ya ce ta riƙa tafiya kullum. A fulat ɗinmu na Al Rigga babu tsakar gida, titi kuma ba ta son hayaniyarsa. Shi ya sa Abba yake kai mu bakin ruwa kafin ya wuce ofishinsu na jigilar kaya a Al Ras. Mun sami hutun makaranta, sai na zama sandarta. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana, ɗaki ɗaya muke kwana, ni nake shafa mata man zafi a gwiwa, ni nake ɓoye gwangwanin suga idan ta lallaɓa kicin tana laluben sa.

Ranar nan na ba ta labarin abin da na gani. Wani tsohon masunci ya ce mana dangin kawa ne, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, suna zaune a wurin shekara da shekaru. Na tsinto mata ɓawon wata da ta mutu, ta bi layukan bayansa da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Daga nan tafiyar ta daina yi mata nauyi. Matar da a da sai an yi ta lallashi, ita ce yanzu take buga ƙofar Abba tana cewa, "Yalla, Malam, mutanena suna jira." Yalla, wato mu tafi, ita ce kalmar Larabcin Dubai da ta koya.

Da mun isa sai in zaunar da ita a kan wani dutse mai faɗi, in shiga ruwa zuwa gwiwa. Tambayarta kullum ɗaya ce: "Takwara, yau sun buɗe?" Ni kuma in dawo in kama yatsunta biyu, in raba su daidai yadda bakin yake. Wata rana faɗin ƙwayar gyaɗa, wata rana ko allura ba za ta shiga ba. Akwai ranakun da ruwa yake cika ba ma ganin komai, mu dawo tana mita. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da safe ina matsawa suke rufewa, komai sanɗata. Amma ranar Juma'a, da Abba ba ya aiki muke zuwa bayan la'asar, sai in tarar da su a wangale, kuma ba sa damuwa da ni. A lokacin ne nake ganin wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli jere a gefen bakinsu, kamar duwatsun da ake yi wa leshi ado. Da na faɗa mata sai ta yi dariya har mayafinta ya zame. "To ai matan kulle ne," in ji ta. "Da safe suna aikin gida. Sai yamma su ci kwalliya su fito unguwa."

Burinta ya zama ta gan su da idonta. Ba ta ce tana son ganin dogayen benaye ba, ko kasuwar zinare da kowace baƙuwa take ɗoki. Idan Umma ta zuba mata tuwo kaɗan ta ɓata fuska, sai in ce mata matan kulle fa, ta harare ni da idon da ba ya gani, ta ture ragowar.

Suga ya sauka, aka yi aikin, aka dace. Ranar da aka cire mata bandeji ta riƙe fuskata ta ce, "Ashe haka kike da ƙaton goshi, aka ɓoye mini." Sai dai likita ya kafa doka: babu iska, babu yashi, babu ruwan gishiri har ido ya warke. Bizarta kuma ta zo ƙarshe kafin dokar ta ƙare. Abba ya ce zai je da bokiti ya ɓamɓaro ɗaya daga cikin matan kullen ya kawo mata har gida. Ta ƙi. "A cire mace daga ɗakinta don in kalle ta? A bar su. Baɗi ina dawowa, mu gaisa a mutunce." Ta saka ɓawon nan a jakarta tare da carbinta, muka raka ta filin jirgi.

Baɗi ƙafa ta hana ta. Shekarar da ta biyo baya aka yi bikin ƙanwar Abba. Da ta shirya da gaske, korona ta rufe hanya. A waya, bayan gaisuwa, tambayar ba ta canja ba, ni kuwa karatu ya sha kaina, zuwana bakin ruwa ya ja baya, sai in ce mata suna nan lafiya. Ta rasu a Kano a 2021. Da na koma wurin, na tarar an kewaye shi da kwano, motocin gini suna zuba sabon yashi a inda duwatsun suke.

Yanzu ina jami'a, ina karanta halittun ruwa. Kwanaki malamarmu ta nuna mana yadda masu bincike suke manna 'yar na'ura a ɓawon irin wannan kawa a cikin teku, ta riƙa auna buɗewarta da rufewarta dare da rana. Na dubi layin da ke hawa da sauka a allo, na tuna yatsun Hajiya a cikin hannuna. Sannan malamar ta nuna ɗigo-ɗigon nan masu ƙyalli ta ce idanu ne, da su suke gani, kuma da inuwa ta gifta suke rufewa. Da safe rana tana bayanmu, inuwata ce take riga ni isa. Da yamma kuwa rana tana gabanmu, babu abin da yake tsorata su, ga Hajiya zaune a kan dutse da farin mayafinta, ta fuskance su.

Ita ba ta taɓa ganinsu ba. Su kuwa sun gan ta.