Kayan Aikin Attahiru Dogo

Attahiru Dogo ya koyi gyaran inji a wani garejin manyan motoci a Malbaza. Da ya gaji da zaman ƙarƙashin wani, sai ya komo Dogarawa da akwatin ƙarfe cike da kayan aiki, da matarsa Uwani. Gidan gado suka raba da ƙanensa Nasiru, amma ɗakin da ke jikin zaure, mai kallon hanya, Attahiru ne ya riƙe shi. Nan yake gyaran injin ban ruwa, masu noman albasa har daga Tsarnawa suke ɗauro nasu a amalanke.

Ɗakin nan abin kallo ne. Ya kafa allon katako a bango, ya buga ƙusoshi, kowace sifana da ƙusarta, daga ƙarama zuwa babba. Filaya da sukudireba da zarto suna hannun dama, guduma a ƙasa. Notuna da ƙananan ƙarafa kuwa suna cikin gwangwanayen tumatir jere a kan kanta, kowane iri da gwangwaninsa. Ba ya ba da aro, ba ya son a taɓa masa, kuma bakinsa ba daɗi. Ranar da Nasiru ya roƙe shi rabin ɗakin don ya riƙa sayar da siminti, a gaban jama'a ya ce masa wanda bai san inda ya yar da takalminsa ba, ba zai zauna kusa da kayansa ba. Aka yi dariya. Nasiru ma ya yi.

Bayan shekaru idanun Attahiru suka fara dushewa ta gefe. Likitan ido a Ƙonni ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa. Uwani kaɗai Attahiru ya gaya wa. Ya ci gaba da aiki, don ciwon inji da kunne yake jin sa, kuma hannunsa ya san hanyar kowace ƙusa. Kullum da safe Uwani ta share ɗakin, abin da ya faɗi ta tsince ta sa masa a tafin hannu ya mayar da kansa. Damina biyu suka yi haka ba wanda ya gane.

Nasiru ne ya gane. Wata rana ya miƙa masa hannu su gaisa, hannun Attahiru ya wuce ta gefe yana lalube. Sai Nasiru ya riƙa shiga ɗakin in wansa ya kishingiɗa bayan azahar. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Sifana biyu zai musanya wa ƙusa, ko ya juye notunan wannan gwangwani cikin wancan, ya fita.

Aiki ya fara ɓaci. Attahiru ya sa sifanar da ba daidai ba ya cinye kan noti, ya ɗaure inji da abin da ba nasa ba. Injin wani manomi mai suna Hakim ya tsaya a tsakiyar ban ruwa, albasarsa ta ƙone, ya zo ƙofar gida ya zazzage masa rashin mutunci. Attahiru ya shiga cikin gida ya ɗora wa Uwani laifi. A saninsa mutum ɗaya ne ke taɓa kayan nan. Uwani ta rantse, ta yi kuka, ta ce ya tuna wa ke tsince masa abin da ya faɗi.

"Ke kaɗai kin ka san halin da ni ke ciki," ya ce. "In kin gaji da makaho, hanya ga ta nan."

Ta ɗaure kayanta ta hau mota zuwa Illela wurin yayyenta.

Kwana kaɗan da tafiyarta ya kai hannu allon ya sake jin sifana a ƙusar da ba tata ba. Ya daɗe tsaye hannunsa a kanta. Ya san ya zalunci matar nan, amma kunya ta hana shi aikawa, kuma ba wanda zai kai wa ƙara ba tare da ya tona kansa ba. Ya sayi kwaɗo ya sa wa ƙofar waje. Ya manta akwai ta cikin zaure.

Ranar kasuwa, mutane na zaune a kan benci suna jiran injinansu, Nasiru na cikinsu. Attahiru ya dawo daga salla, ya miƙa hannu allon ya ji ƙusa tsirara. Ya shafa ta gaba, ita ma haka. Ya bi allon kaf da hannu biyu, sannan ya juyo yana cewa an yi masa sata, an kwashe shi tas. Kayan duka suna shimfiɗe a kan teburin da ke gabansa, an jera su tsaf.

"Yaya," in ji Nasiru a hankali, "ga su nan gabanka hwa. Ko ba ka gani ne?"

Hakim ne ya fara tashi. Kafin la'asar kowa ya ɗora injinsa a amalanke.

Dangi suka zauna suka ce bai dace a bar mai larura cikin ƙarafa ba, kada ya ji wa kansa ciwo. Aka juye sifanoni da notuna da filaya wuri guda cikin buhunan gero, aka jingine su bayan rumbu, damina ta sauka a kansu. Allon kuwa aka yi ƙyauren akurkin kaji da shi. Sai a lokacin Attahiru ya aika Illela. Uwani ta ce a gaya masa ta yafe, amma ƙafarta ta gama taka Dogarawa.

Yanzu siminti ne cike da ɗakin. Attahiru yana wuni a tabarma gefen zaure, hannuwansa a kan gwiwa. Da rana Nasiru da kansa yake fito masa da fura, ya riƙe masa ƙwaryar har ya kama, masu wucewa suna sa masa albarka, suna cewa irin wannan ƙane ya yi wuyar samu a zamanin nan.