Mushe Kadiri da Darasin Kuza

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 1989, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mushe Kadiri Alasan a ɗakin ƙanwarsa Barakatu da ke Garou. Labarin ya iske ni a wurin aiki ina wanke hannu. Wadda ta kawo shi cewa ta yi, "Mahaukacin nan naku mai albasa ya cika." Haka Malanville ta sanar da mutuwarka, Mushe.

Ni ce Habsatu Mamudu, ungozoma, ɗalibarka a lakwal, wato makarantar boko. Da bakina na ce zan rubuta wannan, kuma wanda ya ga dama ya kwashe shi ya kai inda ya saba kaiwa.

Kai ka koya mana kimiyyar sinadarai a ajin da ko kwalba ɗaya babu. Ban taɓa ganin ka ɗaga bulala ba. In Faransanci ya ƙi shiga kanmu, sai ka turo ƙofa ka sake bayanin da Dendi da Hausa, kana dariya ƙasa-ƙasa. 'Yan Garou da ke tahowa a ƙasa, wanda ka tarar ya gaji a hanya shi ke hawa bayan kekenka. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a aji, kai ka je har bakin kogi ka kira mahaifina daga cikin jirginsa.

A shekarar da sojojin haya suka sauka Kwatano, lokacin da kowa ke tsoron inuwarsa, ka shigo mana wata safiya da albasa da wuƙa. Ka raba ta biyu, ka nuna mana zobbanta. Ka ce haka ƙwayar kowane sinadari take: cibiya a tsakiya, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron suna kewaye da ita hawa-hawa, kowane hawa da harafinsa. Ka zaɓi kuza, wadda ake shafa wa gwangwanin tumatir don kada ya yi tsatsa. Ka ce lambarta hamsin, elektiron ɗinta hamsin. Ka rubuta a allo: K biyu, L takwas, M sha takwas, N sha takwas, O huɗu. Ka ce na can waje, masu nisa da cibiya, su ake fara ƙwacewa. Sannan ka sa muka maimaita sunan kuza da Faransanci da ƙarfi: etan, etan.

Ashe Yari, delege, wato wakilin hukuma a unguwa, yana tsaye a taga. Ya zo ne ya kwashe mu zuwa gonar haɗin gwiwa. Faransancin Yari na tasha ne, kuma a wannan harshe sunan kuza da kalmar da ake faɗa in fitila ta mutu, furucinsu ɗaya. Ya ga K a allo, harafin farko na sunan shugaban ƙasa. Ya ga M, ya ce Malanville ce. Ya ga N, ya ce Nijar ce. Ya ji yara suna ihun "ya mutu, ya mutu". Kafin azahar jandarmomi sun iso.

A gabanmu suka tambaye ka, "Mi kake nuhi da K?" Ka ɗauki rabin albasar za ka yi musu bayani, kai da ka ɗauka kowa ɗalibi ne. Suka buge hannun da gindin bindiga. Albasar ta gangara ƙarƙashin bencina.

Shekaru suka wuce kafin a sako ka daga kurkuku a kudu. Ka dawo yatsun damanka a nannaɗe, haƙoran gaba babu. Dangin matarka sun riga sun ƙetare da ita Gaya ta Nijar. Mu da "Mushe" muke kiran kowane malamin lakwal don girmamawa, amma 'yan tasha suka juya kalmar, suka mai da ita mushen da ungulu ke ci. In ka ratsa kasuwa sai ka ji, "Mushe ya mutu!" Wallahi a cikin masu yi har da waɗanda suka hau bayan kekenka.

Abu guda ka nema har ka koma ga Allah: a mai da kai aji. Ka koyi riƙe alli da hagu, kana gwadawa a bangon Barakatu. Manyan makaranta suka ce hanya ɗaya ce, Yari ya tsaya gaban kwamiti ya ce kunnensa ne ya yi kuskure. Shi ke nan fa, kalma guda. Kowace sallah sai ka sa wankakkiyar rigarka ka je ƙofar gidansa. Da farko yakan ce, "Sai an duba, kamarad," irin kiran da 'yan juyin juya hali ke yi wa juna. Daga baya, da ya yi manyan motocin albasa ya je Makka, sai ya daina fitowa, ya riƙa aiko maka da goro. Kai kuwa ka koma tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau a rumfunan bakin kasuwa, kana ƙirga zobbanta a fili, yara suna jifanka da ɓawo.

Na sha ce maka ka bar zuwa gidan nan. Sai ka ce, "Habsatu, bai gane darasin ba ne. In ya gane zai hwaɗi." Kaico, Mushe! Ya gane tun ranar farko da aka yi masa dariya a ofishin jandarma, girman kai ne ya hana shi janyewa.

Ranar jana'izarka muna cikin gida mu mata, zana ce kawai tsakaninmu da maza. Liman ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa, ya dubi Allah ya yafe. Sai muryar Alhaji Yari ta tashi, tar da ita, har ƙarshen sahu: "Ni dai na yahe mishi, duniya da lahira."

Mutane suka ce, "Madalla, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Barakatu ta cusa gyale a baki don kada a ji kukanta.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Kadiri ɗan Alasan. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka miƙe masa yatsun da aka karya, ka sa ilimin da ya bayar ya zama mai cetonsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Barakatu, wadda ta riƙe shi lokacin da gari ya yar da shi, da 'ya'yanta, da ɗaliban da suka ji kunyar zuwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Amma a sani, Mushe Kadiri ya shiga kabari babu wanda ya roƙe shi gafara. Haƙƙinsa yana nan bai yafe ba, ni ma ban yafe ba. Allah, kai ne shaida. Amin.